Atlanta: An Gyara Hanya, Haya Ta Kori Masu Unguwa

A watan Satumba na 2016, Ryan Gravel ya ajiye kujerarsa a kwamitin gidauniyar da ke tara wa aikin BeltLine kuɗi a Atlanta, babban birnin jihar Jojiya ta Amurka. Tare suka sa hannu a takardar murabus da Nathaniel Smith, wani mai fafutukar kare haƙƙin talakawan birnin. Abin da ya sa labarin ya karaɗe gari shi ne, aikin nan ɗungurungum daga kan Gravel ya fito. Shi ya zana shi a kundin digirinsa na biyu a jami'ar Georgia Tech a 1999. Ga shi kuwa a lokacin aikin yana kan ganiyarsa: hanya ta cika da jama'a, benaye sai tsirowa suke yi, kowane ɗan siyasa na cewa da shi aka yi. Ƙorafin mutanen biyu guda ɗaya ne. An duƙufa wajen tara kuɗi da zuba kankare, an yi ko oho da maganar inda masu ƙaramin ƙarfi za su zauna.

Atlanta gari ne da jirgin ƙasa ya haifa. A 1837 aka kafa shi a daidai inda wani layin dogo zai tsaya, daga baya layuka suka yi ta haɗuwa a cikinsa. Da cunkoson taragu ya yi yawa a tsakiyar gari, sai kamfanoni daban-daban suka shimfiɗa gajerun layuka huɗu da ke zagaye shi, masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya suka jeru a gefensu. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, masana'antu suka koma bayan gari, yawancin layukan suka mutu. Ciyawa mai yaɗo ta rufe ƙarafan, wurin ya zama juji da mafakar waɗanda ba su da wurin kwana. Duk ginin da ke kusa ya juya masa baya.

Gravel ya dubi taswira ya ga cewa idan aka haɗa waɗannan layuka huɗu, za su ba da zobe mai tsawon kusan kilomita 35 wanda ya ratsa unguwanni 45, na attajirai da na talakawa, na farare da na baƙaƙe. Wannan zobe shi ne BeltLine. Shawararsa ta farko jirgin ƙasa ne na cikin gari da zai riƙa zagaya zoben. Wata kansila mai suna Cathy Woolard ta ɗauki maganar, suka yi ta yawo da ita unguwa-unguwa, daga zauren coci zuwa taron maƙwabta, a hanya kuma aka ƙara mata hanyar masu tafiya a ƙasa da 'yan keke, da itatuwa da wuraren shan iska. A 2005, zamanin magajiyar gari Shirley Franklin, majalisar birni ta amince. An tsara kammala komai a 2030, kuma cikin alkawuran da aka rubuta har da gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi.

Dokar da ta hana tafiya a ƙasa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa shimfiɗa hanya da canza doka? A yawancin biranen Amurka akwai dokar kasafta fili, wadda ke ɗaukar taswirar gari ta yanka ta gida-gida: nan gidajen zama kawai, can kantuna kawai, can gaba masana'antu. Birnin Niyok ne ya fara yin cikakkiyar irin wannan doka a 1916, kotun ƙolin ƙasar kuma ta halatta tsarin a 1926. Abin da mu a nan ba mu ɗauke shi komai ba, mutum ya fasa katangar gidansa ya fitar da shago ya sa kayan masarufi, a mafi yawan unguwannin zama na Amurka karya doka ne. Ita dokar har girman fuloti take ƙayyadewa, da tazarar da gini zai bari tsakaninsa da titi, da yawan wuraren fakin da dole mai kanti ya tanada. Idan aka tara waɗannan sharuɗɗa, sai komai ya yi nisa da komai. Wanda ke son burodi sai ya tayar da mota.

Atlanta ta yi fice a wannan. Cikin birnin kansa mutanen ba su cika rabin miliyan ba a ƙidayar 2020, amma shi da garuruwan da suka kewaye shi sun haura miliyan 6, a warwatse, kowa da motarsa, kowa cikin gosulo safe da yamma. Kusan kashi 60 cikin 100 na filin birnin doka ta keɓe shi ne ga gida ɗaya na iyali ɗaya a kan fuloti ɗaya.

Dokar tana kuma da tarihin da baƙaƙen fatan birnin ba su manta ba. A 1922 Atlanta ta zartar da tsarin da ya ware unguwannin farare da na baƙaƙe ƙarara, alhali kotun ƙoli ta haramta irin haka tun 1917. Kotu ta soke shi, amma aka ci gaba da yin amfani da layin dogo da yankin masana'antu, daga baya kuma manyan tituna, a matsayin shinge tsakanin jinsunan biyu. A watan Disamba na 1962 magajin gari Ivan Allen har shinge na zahiri ya sa aka gina a kan titin Peyton don kada baƙaƙe su sayi gidaje a wata unguwar farare, sai da alƙali ya ba da umarni aka rushe shi a farkon Maris na 1963. Saboda haka da aka zo ana cewa za a mai da tsohuwar iyaka ta zama mahaɗa, mutanen kudu da yammacin birnin sun ji daɗin maganar, amma sun saurare ta da kunne ɗaya.

A 2007 majalisar birni ta kafa wata doka ta musamman da aka ɗora a kan dokokin da ke akwai, wadda ta shafi filayen da ke cikin kimanin mita 800 daga zoben ta kowane gefe. Ba da ka aka zaɓi wannan tazara ba: ita ce abin da mutum mai lafiya zai taka cikin minti goma ba tare da ya fara tunanin mota ba. Sharuɗɗan ƙanana ne a ido, amma su ne suka canza fuskar wurin. Sabon gini dole ƙofarsa ta kalli inda mutane ke wucewa. Ba a yarda a shimfiɗa filin fakin tsakanin gini da hanya ba, sai dai a kai shi baya ko a cusa shi cikin ginin. Hawan ƙasa na kantuna dole ya kasance da tagogin gilashi, domin doguwar katanga marar taga tana sa mai tafiya ya ji shi kaɗai ne, ya ƙara sauri. Dole a bar faffaɗan wurin tafiya a gefen titi, a dasa itatuwa a jere. Babban fili kuwa, irin na tsohuwar masana'anta, sai an ratsa shi da sababbin tituna, don kada mai tafiya ya yi dogon zagaye kafin ya kai inda yake hangowa da ido.

Ita wannan doka siffar gini ta tsara. Yawan gidajen da za a iya ɗorawa a fili kuwa, wannan sai da aka bi shi fili bayan fili, ana sauya rajistarsa daga na masana'anta zuwa na haɗaka, wato kantuna a ƙasa, gidaje ko ofisoshi a sama. An raba zoben kashi goma, kowane kashi da nasa tsarin, kuma kowace buƙata sai ta bi ta gaban majalisun unguwanni da magajin gari Maynard Jackson ya ƙirƙiro a 1974. A nan aka sha rigima. Wani attajirin dillalin filaye, Wayne Mason, ya sayi sashen arewa maso gabas na layin a 2004 kan dala miliyan 25, ya ce zai gina dogayen benaye biyu masu hawa kusan 40 a bakin lambun Piedmont. Maƙwabta suka ce ba su san zance ba. Ƙarshenta ya haƙura da benayen, ya sayar wa hukumar aikin da abokan hulɗarta filin a 2007 kan dala miliyan 66. Tun ba a zuba buhun siminti ɗaya ba, sunan aikin kaɗai ya ninka kuɗin fili fiye da sau biyu, kuma aikin ne da kansa ya biya.

Inda abin ya yi kyau

Gaskiya ita ce, a gabashin birnin abin ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. A watan Oktoba na 2012 aka buɗe sashen farko na sosai, kimanin kilomita uku da rabi na kankare mai faɗin mita huɗu da 'yan kai. Shekara guda kafin nan an buɗe wani lambu a unguwar Old Fourth Ward, wanda a tsakiyarsa aka haƙa tafki. Tafkin ba ado ba ne kawai. Kwarin wurin ya daɗe yana fama da ambaliya, sai injiniyoyi suka ga maimakon haƙa ƙaton rami a ƙarƙashin ƙasa, gara a bar ruwan sama ya taru a fili, a kewaye shi da ciyawa da wurin zama, kuma hakan ya fi araha. Da aka magance ambaliyar, sai ƙaton ginin jan bulo da kamfanin Sears ya gina a 1926, wanda ya zama wa hukumar birni kaya, ya samu mai saye. Kamfanin Jamestown ya karɓe shi a 2011 kan dala miliyan 27, ya mai da shi Ponce City Market: kasuwar abinci, kantuna, ofisoshi da gidaje, da gada da ta sada shi kai tsaye da hanyar.

Gine-ginen da a da suka juya wa layin baya, yanzu ta nan suke buɗe ƙofa. Gidajen abinci sun fito da kujeru bakin hanya. Ranar Asabar da yamma, 'yan keke da masu gudu da iyaye masu tura jarirai har gogayya suke yi. Akwai mutanen da a garin da aka sani da mota suke zuwa aiki da kasuwa da ƙafa, abin da a shekarun 1990 za a ɗauka tatsuniya ce. A 2024 hukumar aikin ta ce jarin 'yan kasuwa da ya shigo kewayen zoben ya kusa dala biliyan 10. Duk wanda ya ce dokar 2007 ba ta yi aiki ba, bai yi mata adalci ba.

Sai dai ita dokar ta faɗi inda ƙofa za ta kalla, ba ta ce komai ba game da wanda zai iya biyan kuɗin zama a bayan ƙofar.

Asusun da ke rayuwa da tsadar gidaje

A ganina babban kullin yana cikin yadda aka tsara biyan kuɗin aikin. A Amurka ana biyan harajin gida da fili duk shekara gwargwadon darajarsu. A 2005 aka shata wani yanki mai faɗin eka kusan 6,500, aka ce harajin da hukumar birni da ƙaramar hukumar Fulton da hukumar makarantu ke samu daga cikinsa zai tsaya a inda yake har shekara 25. Duk abin da ya ƙaru a kai saboda tashin darajar filaye, asusun BeltLine zai shiga. Dabara ce mai kyau ga birnin da ba shi da kuɗi a hannu. Amma ma'anarta ita ce, aikin ba zai samu abin kashewa ba sai gidaje sun yi tsada. Tashin farashi, wanda shi ne abin tsoron ɗan haya, shi ne abincin asusun.

An ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin takardun lamunin da za a sayar domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sai abubuwa biyu suka faɗo a shekara ɗaya. A watan Fabrairu na 2008 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ba a iya karkatar da harajin makarantu zuwa irin wannan aiki ba, har sai da masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar a watan Nuwamba. A daidai lokacin kuma kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe. Kuɗin da aka yi lissafi bai shigo ba, kashi 15 na ɗan kaɗan kuwa ɗan kaɗan ne.

Abin takaicin shi ne, wannan lokaci na karayar farashi shi ne lokacin sayen fili. A unguwanni irin su Pittsburgh da ke kudancin zoben, wadda 'yantattun bayi suka kafa a 1883, bankuna sun ƙwace gidaje rututu, layi guda sai ka ga rabinsa a garƙame. Masu jari da tsabar kuɗi a hannu suka bi suna tsinta a banza. Hukumar da ta fi kowa sanin inda hanya za ta bi ba ta tara fili na a zo a gani ba.

Ba kuma za a ce ba a yi gargaɗi ba. Tun a 2007 wani masanin harkar gidaje, Farfesa Dan Immergluck, ya nuna cewa farashi a kudancin zoben ya fara hawa tun lokacin da jaridu suka fara ba da labarin aikin. Daga baya shi da Tharunya Balan suka auna shekarun 2011 zuwa 2015, suka gano cewa gidajen da ke cikin mita 800 daga zoben tashin darajarsu ya zarce na sauran wurare da maki kusan 18 zuwa 27 cikin 100, gwargwadon sashen da gida yake. Ga mai gidan da ke son sayarwa, wannan gaba ta kai shi. Ga tsohuwar da ta gama biyan bashin gidanta tana zaune da kuɗin fansho, takardar haraji ce ke ƙara nauyi duk shekara. Ga ɗan haya kuwa, sanarwar ƙarin kuɗi ce, kuma babu inda zai kai kuka, domin dokar jihar Jojiya ta hana birane ƙayyade kuɗin haya.

Akwai wani gefen da ba a cika son faɗa ba. Don a samu goyon bayan masu gidaje, an yi musu alkawarin ba za a taɓa unguwannin gida ɗaya a fuloti ɗaya ba. Sababbin benaye sai a siririn yankin masana'antu. To amma masu son zama kusa da hanyar sun fi ƙarfin wannan siririn yanki, sai suka malala cikin tsofaffin unguwanni. Tunda doka ba ta yarda a rushe ƙaramin gida a gina na iyali huɗu ko shida ba, sai ake rushe shi a gina ƙaton gida na iyali ɗaya mai kuɗi. Yawan gidajen bai ƙaru ba, masu zama ne suka canza. Old Fourth Ward, unguwar baƙaƙen da aka haifi Martin Luther King a yankinta a 1929, yau tana cikin wurare masu tsada a birnin. A ƙidayar 2000 baƙaƙen fata sun haura kashi 60 cikin 100 na mutanen Atlanta. A ta 2020 ba su kai rabi ba. Ba BeltLine kaɗai ta jawo haka ba, amma da hannunta a ciki.

A watan Yuli na 2017, jaridar Atlanta Journal-Constitution ta fitar da bincike cewa bayan an ci kusan rabin wa'adin aikin, gidaje 785 kacal aka samar wa kuɗi daga cikin 5,600 da aka yi alkawari. Ba a jima ba shugaban hukumar, Paul Morris, ya sauka.

Gyaran da ya zo a makare

Daga nan aka farka. A ƙarshen 2017 majalisar birni ta zartar da dokar da wani kansila, Andre Dickens, ya jagoranta, ta fara aiki a watan Janairu na 2018. Duk wanda zai gina gidajen haya goma ko fiye a yankin zoben, dole ya ware kashi 10 cikin 100 ga masu samun kashi 60 na matsakaicin kuɗin shigar yankin, ko kashi 15 ga masu samun kashi 80, na tsawon shekara 20, ko kuma ya biya kuɗin fansa a asusun birni. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin dokar ƙofa da taga da dokar mai zama. A cikin waɗannan shekaru an riga an gine mafi kyawun filayen gabas, an ba masu gini izinin ƙarin hawa ba tare da an karɓi komai a madadinsa ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da mai fili ya zo neman a sauya masa rajista, ranar ce hukuma ke da abin ciniki a hannu; idan ta sa hannu, ya wuce.

Ko ita sabuwar dokar akwai inda take yoyo. Matsakaicin kuɗin shigar da ake aunawa da shi na yankin Atlanta ne gaba ɗaya, har da garuruwan attajirai na arewa. Kashi 80 na wannan ya fi abin da iyalai da yawa na yammacin birnin ke samu nesa ba kusa ba. Gidan da takarda ta kira mai sauƙi yana iya dacewa da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya, ya gagari mai wanke kwanuka a gidan abincin da ke ƙasan benen.

Wasu gyare-gyaren sun biyo baya. A 2020 aka ƙaddamar da shirin biya wa daɗaɗɗun masu gidaje marasa ƙarfi na kudu da yamma ƙarin harajin da ya hau kansu har zuwa 2030, da kuɗin masu ba da taimako. A 2021 aka ɗora ɗan ƙarin haraji a kan kantuna da manyan gidajen haya na kewayen zoben domin a ƙarasa hanyar. Hukumar, a ƙarƙashin Clyde Higgs, ta koma sayen fili tun kafin kankare ya iso, kuma ta ce zuwa ƙarshen 2024 gidajen sun haura 4,000. A 2024 ne kuma majalisa ta koma kan dokar 2007 ta ɗaure ta: ta soke tilascin tanadar wurin fakin, ta hana buɗe sababbin gidajen mai da kantunan da ake miƙo wa mutum abinci yana cikin mota, daga baya ta hana gina rumbunan kwamfutoci, waɗannan ƙattin gine-gine marasa taga da ke cinye fili ba su kawo mutum ko ɗaya bakin hanya ba. Abin mamaki ne a ce sai bayan shekara 17 aka lura cewa dokar da ke neman mutane su taka da ƙafa tana tilasta wa mai gini ya yi wa mota ɗaki.

Saura jirgin. Shi ne asalin shawarar Gravel, kuma an bar masa fili a gefen hanyar tun farko. A watan Nuwamba na 2016 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar ƙara wa kansu harajin saye da sayarwa domin faɗaɗa sufurin hukumar MARTA, jirgin zoben yana cikin abin da aka nuna musu. Har yau ba a kafa ƙarfe ɗaya ba. Wasu masu kantuna da mazauna gabas, waɗanda suka fi kowa cin moriyar hanyar, yanzu su ne ke cewa jirgi zai ɓata musu wuri, a sare itatuwa, a yi shekaru ana tono. A watan Maris na 2025 Dickens, wanda ya zama magajin gari tun 2022, ya janye daga shirin fara shimfiɗa layin ta gabas, ya ce a fara ta kudu. Magoya bayan jirgin suna ganin an ɗage maganar ne zuwa ranar da babu ita. Muhimmancin abin a fili yake: kilomita 35 ba tafiyar ƙafa ba ce. Mai aikin goge-goge da haya ta tura kudu, aikinsa kuma yana arewa, ba zai taka ba, kuma ba kowa ke iya keke cikin zafin Yuli ko da yaro a hannu ba.

Yanzu aikin ya koma kudu da yamma, inda aka buɗe sashe mai tsawon kusan kilomita biyar a 2017, aka kuma mai da wani tsohon ramin fasa dutse ya zama lambu mafi girma a birnin a 2021. A waɗannan unguwanni wata ƙungiya mai suna Atlanta Land Trust tana gwada wata hanya: ta sayar wa iyali gida, ta riƙe filin da ke ƙarƙashinsa a hannunta bisa haya ta shekara 99, da sharaɗin in sun tashi sayarwa ba za su wuce wani farashi ba. Gidan da aka yi wa haka ba ya komawa kasuwa bayan shekara 20 kamar na dokar 2018. Gidajen nata ba su da yawa idan aka kwatanta da buƙata, kuma kowane fuloti da za ta saya yau, da dillalai take takara a kansa.